Shin sauya modul ɗin IGBT da na SiC kawai zai wadatar?

Ɗalibin Lantarki:
Assalamu alaikum. Ina tsara inbata mai aiki da bolt 800 domin juya injin lantarki, kuma na fara da modul ɗin IGBT, wato makunnin lantarki na silikon da ke kunnawa da kashe wutar, mai jure bolt 1200. An ba ni shawarar in koma na silikon kabaid, wato SiC, saboda ya fi ƙarancin asarar wuta. Shin zan iya cire wancan in ɗora wannan ba tare da taɓa sauran tsarin ba?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba zan ba ka shawarar sauya modul ɗin kawai ba, domin modul ɗin ne ke yanke wa sauran kayan hukunci. IGBT yana jan ƙafa wajen kashewa, wutar tana ci gaba da tsiyaya na ɗan lokaci, shi ya sa ba a cika wuce da shi kunnawa da kashewa sau 20,000 a daƙiƙa ba. SiC ba ya da wannan jan ƙafar, don haka kana iya ƙara saurin, kwayil da farantin sanyaya su ƙanƙance.

Sai dai saurin yana da nasa haɗarin. Idan hanyar da ke tsakanin kafasita da modul tana da indoktans, wato turjiya ga sauyin wuta, na nanohenri 20, kuma wutar ta yanke da saurin amfiya 5,000 a maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, bolt 100 ne zai hau kan 800 ɗinka nan take. Na taɓa ganin allon da aka tsawaita wa wannan hanyar, modul ɗin ya tsage a gwajin farko, ƙauri ya cika ɗakin.

Malama Mai Gwaji:
Ina goyon bayan Injiniya, amma abin da ya fi damuna shi ne kariya. IGBT yakan jure haɗuwar waya na kimanin maikurosakan 10, SiC kuwa da ƙyar yake wuce 3, saboda haka dole a sake da'irar da ke ba shi umarnin kunnawa da kashewa ta riƙa ganowa da wuri. Haka kuma tashin bolt cikin hanzari yana cin rufin wayoyin injin, musamman idan kebul ɗin dogo ne.

Ɗalibin Lantarki:
Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama. Kebul ɗina ya kai mita 30, don haka zan fara lissafin matatar rage saurin tashin bolt da zan sa a mafitar inbatar kafin in zaɓi modul.