Littattafan Star Wars da Star Trek: me ya sa ranar fitowarsu take ta matsawa?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin littattafan nan da ake rubutawa a kan finafinan sararin samaniya, su Star Wars da Star Trek, ina da tambaya. Akwai wani da na saka a raina tun kafin azumi, na gani a wani shafin sayar da littattafai an rubuta watan da zai fito, har na tura wa ɗan yayata da ke karatu a Ingila kuɗi nace idan ya fito ya saya ya taho min da shi in zai zo hutu, yaro yazo ya gama hutunsa ya koma littafi bai fito ba, da na sake dubawa sai naga an ƙara wata biyar a kai. Wallahi abin ya min ciwo dan kun san yadda canjin fam yake yanzu. Toh a ina ake samun jadawali na gaskiya wanda mutum zai dogara da shi? Kuma in jira mai bangon takarda ne ko in daure in sayi mai kwali?

Malam_Sani77:
Wa alaikumus salam Abba. Abin da ya kamata ka fara ganewa shine irin waɗannan littattafan ba marubucin ne ke da iko da su ba, hayarsa aka ɗauka. Labarin na kamfanin fim ne, mawallafi lasisi ya saya, duk abin da aka rubuta sai ya koma wajen masu labarin sun duba sun amince. In suka canza shawara a kan wani shiri da ke tafe, littafi ne ke fara shan wuya. Ka tuna littafin The Mandalorian, shirin nan na Star Wars, da aka ba marubuci Adam Christopher, an ce Disamba 2020, aka ɗaga zuwa 2021, daga baya aka soke shi gaba ɗaya, har yau ba wanda ya riƙe shi a hannu. Ita kanta High Republic, wani jerin littattafan Star Wars, an tsara farawa a Agusta 2020 korona ta tura ta Janairu 2021, lokacin Light of the Jedi na Charles Soule ya fito.

Bangaren Star Trek kuwa nasu ya ma fi, a 2018 kusan shiru akayi saboda ana sake daidaita maganar lasisi da mawallafinsu Pocket Books, mu da muka saba kusan kowane wata akwai sabo sai muka zauna muna jira. Da aka dawo kuma shirin talabijin na Star Trek mai suna Picard ya riga ya ɗauki labarin ya bi wata hanya daban da wadda littattafan suka shafe kusan shekara ashirin suna ginawa, dole aka rufe wancan layin da littattafai uku na Coda a 2021. Ni dai na karanta na ƙarshen raina a ɓace, mutanen cikin labarin da na sani tun ina makarantar sakandare aka tattara aka rufe.

Dan haka ranar da ka gani a shafin 'yan kasuwa, musamman in saura wata takwas ko tara kuma ba hoton bango, ka ɗauke ta a matsayin hasashe. Ka duba shafin mawallafin kansa, na Star Wars yanzu Random House Worlds ne, na Star Trek kuma Simon & Schuster, sannan ka bi marubucin a inda yake rubutu dan su ne ke fara faɗa in an ɗaga.

Ummi_Zinder:
Malam Sani ya gama magana, sai dai in ƙara abu ɗaya da na lura da shi. A Amurka sababbin littattafai galibi ranar Talata suke fita, dan haka in kaga an saka maka 31 ga Disamba ko wata rana da in ka duba kalanda ba Talata bace toh kawai cike gurbi akayi. Kuma wani lokaci bugun Ingila daban yake da na Amurka, ranar ma tana iya bambanta, kai kuma ta Ingila kake saye sai ka duba nasu.

Maganar bango kuwa ni kam na daina sayen mai kwali. Mai takarda yana biyo baya ne bayan wata shida zuwa shekara, ya fi araha nesa ba kusa ba kuma baya cin kilo a jakar mai kawowa, wanda duk ya taɓa roƙon wani ya ɗauko masa littafi mai shafi ɗari biyar daga waje ya san abin da nake nufi. In na ƙagu sai in sayi na karantawa a waya, shi rana ɗaya yake fita da mai kwalin.

Abba_Fagge:
Na gode sosai Malam, na gode Hajiya Ummi. Yanzu na duba kalanda, ranar da aka fara sakawa ɗin Lahadi ce ashe. Toh amma wanda ake juya fim ɗin kansa zuwa littafi fa, shima haka yake? Ni na ɗauka tare suke fita da fim.

Malam_Sani77:
A da ma kafin fim suke fita. Littafin Star Wars na farko ƙarshen 1976 ya shiga kasuwa, fim sai Mayu 1977, sunan George Lucas ne a bango amma Alan Dean Foster ya rubuta. Yanzu tsoron kar a tona labari ya juya abin, The Last Jedi an haska shi Disamba 2017 littafinsa sai Maris 2018, The Rise of Skywalker ma haka, fim Disamba 2019 littafi Maris 2020. Ni hakan bai dame ni ba dan marubucin yana samun damar ganin fim ɗin da aka kammala har ya ƙara wuraren da aka yanke, amma in kana lissafin hutun ɗan naka ne ka ƙara wata uku a kan ranar fim.

Bashir_40k:
Ku zo bangaren Warhammer kuga wani salon. Black Library mai wallafa littattafan na kamfanin Games Workshop ne da kansu, masu wasan na Warhammer, ba wani lasisi a tsakani, amma su basa ba ka jadawalin shekara a fili, ranar Lahadi ake sanar da abin da za a buɗe oda ranar Asabar mai zuwa, kuma bugu na musamman cikin mintuna yake ƙarewa. Jerin littattafansu na Horus Heresy an fara 2006, littafi 54 kafin a shiga Siege of Terra, sashen da ya rufe labarin, na ƙarshen ma da muka zaci guda ɗaya ne sai da ya zama kundi uku, na ukun sai farkon 2024. Abba ka ce wa yaron ya riƙe kuɗin a fam kar ya dawo maka da su, in ya so sai ya taho da shi hutun Disamba.