Vespa ta tana mutuwa da zarar inji ya ɗau zafi, don Allah a taimaka

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin harkan mashin don Allah ku ba ni shawara. Ina da Vespa PX 150 wadda na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, ita nake hawa daga Gangare zuwa shagona a Bukuru. Da safe duk sanyin nan na Jos bugu ɗaya ko biyu ta tashi, amma da na yi tafiyan minti 15 zuwa 20 sai ta fara fizga kaman mai tari sai ta mutu murus, in yi ta buga kik har in jiƙe da gumi ba za ta tashi ba, sai na tura ta gefen titi ta huce kaman rabin awa sannan ta tashi kaman ba ita ba. Sau uku bakanike yana wanke kafireta, mun sa sabon filogi, yanzu kuma wai sai an sauke inji an canza fistin da ringi. Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, injin nan baba ya riƙe shi shekara da shekaru ba a taɓa buɗe shi ba, ba na so a farke shi a kan zato.

Abu Hanifa Rikkos:
Wa alaikumus salam. Kafin komai gwada wannan, ba ko sisi. In ta mutu ka buɗe murfin tanki nan take ka kasa kunne, in ka ji iska ta shiga fuuu kuma ka buga ta tashi, to ɗan ramin numfashi na murfin ne ya toshe, mai ba ya sauka. Jincheng ɗina ta taɓa min haka wata guda ina wahala, allura kawai ta gyara.

Baba Mai Vespa:
Allah ya jiƙan mahaifinka yaro. Kar ka yarda a sauke injin nan tukuna. Matsalan ita ce kana kai mashin gareji ta riga ta huce, bakanike yana duba ta lokacin da lafiyarta ƙalau, to me zai gani? Ciwon da zafi ke tayarwa da zafinsa ake kama shi. Ka sa spanan filogi da tsumma a akwatin gaba, inda ta mutu a nan za ka cire filogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa jikin inji ka buga kik ka duba wuta. Ka riƙe ta wajen roba kar ta ja ka, kuma ka nisanta shi da ramin filogin saboda fetur. Da safe ma kafin ka fita ka yi haka don idonka ya san yadda wuta mai kyau take, shuɗiya tana ƙara tas tas. In da zafi ka ga babu wuta ko ta koma ja-ja mara ƙarfi, magana ta ƙare, ba ruwan kafireta, ba ruwan fistin.

Dalili kuwa, kwayil ɗin da ke samar wa filogi wuta waya ce siririya kaman gashi aka nannaɗe ta dubban zagaye, in ta tsufa ta samu tsaga a ciki, da sanyi bakin tsagan yana haɗe, da ta yi zafi ta buɗe sai wuta ta yanke, ta huce ta sake haɗewa. Rabin awan nan da kake jira shi ke nan. In taka mai CDI ce, wato ɗan akwatin lantarki da ke tura wuta zuwa filogi, wuri biyu ake zargi, akwatin CDI ɗin da kwayil na cikin maganeto. Samu mita irin ta masu gyaran rediyo, wayoyin da suka fito daga maganeto tsakanin kore da fari ya nuna wajen 500 ohm, ja da fari wajen 110, ka auna da sanyi ka sake aunawa da zafi. In tsohuwa ce mai kwantak to kondensa za ka fara zargi, shi ma haka yake yi kuma ba shi da tsada.

In kuma wuta tana nan garau sai ka kalli bakin filogin. A bushe, mai ne bai iso ba, ka bi maganan Abu Hanifa da tiyon mai. A jiƙe baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, duba ko cok ba ya komawa.

Injiniya Farin Gada:
Baba ya gama magana amma ina da tambaya, lokacin da ta mutu kik ɗin yana yin tauri ko yana sauka yadda ya saba? Kuma tayan baya ya taɓa kamewa kana tafiya? Don in fistin ne ke kumbura yana kama silinda da zafi wannan ba abin wasa ba ne, zai iya kayar da kai. 2T, wato man inji da ake haɗawa da fetur, nawa kake zubawa? Ƙa'idan PX kashi 2 cikin 100 ne, mil 20 a lita ɗaya, kuma 2T na gaske ba baƙin man mota ba. Sannan murfin nan da ke rufe silinda yana nan? mutane suna cire shi wai inji ya sha iska alhali shi ke tattaro iskan fanka ya kai kan silinda, in babu shi inji dahuwa yake yi.

Ɗan Gangare:
Injiniya kik yana sauka lafiya, taya bai taɓa kamewa ba, murfin yana nan, 2T kuma da ɗan kofin awon baba nake zubawa. Gobe in sha Allah zan fita da spana.

Ɗan Gangare:
Jama'a na dawo. Ta mutu min daidai wajen Dadin Kowa, na buɗe tanki ban ji komai ba, na cire filogi na buga, wallahi ko ƙyas babu, alhali da safe wuta tas tas. Na aro CDI wajen wani aboki muka ɗaura, ta sake mutuwa, sai muka sa mita da zafinta, kore da fari bai nuna komai ba, da ta huce ya dawo kusan 500. Da aka cire maganeto robar wayoyin ma duk ta ruɓe tana marmashewa a hannu. An canza kwayil ɗin an sa sabbin wayoyi, kwana uku ke nan ina zuwa Bukuru ina dawowa ba ta tsaya ba. Baba Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya ya rage, filogin yana yin baƙi da wuri, in damu?

Baba Mai Vespa:
Alhamdulillah. Wancan filogin ya sha wahalan wuta mara ƙarfi, sa sabo ka gyara tazaran bakinsa milimita 0.6, ka wanke abin tace iska, ka yi sati kana hawa sannan ka cire ka gani. Garin nan namu kan tudu yake, sama da mita 1,200, iska ba ta kai ta ƙasa kauri ba, shi ya sa mashin ɗinmu ke ɗan yin baƙin filogi. In bayan sati bai koma ruwan ƙasa ba ka ɗauko hotonsa ka sa a nan, kar ka bari kowa ya rage maka jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, kafin in gani.