Neman shawara: idon Innata ya bushe, an ce a fitar da ita waje a yi mata allurar ƙwayoyin asali

Maman Rabi (Tawa):
Salamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ya ɗau zahi. Innata ce ba lahiya. Tun bayan rasuwar Baba take cewa idonta kamar an zuba mata rairayi, munka ɗauka kuka ne da ƙurar hunturu, har damina ta shigo abin bai bari ba. Yanzu ko albasa ta yanka hawaye ba su zuwa. Baki ma ya bushe, tuwo ba ya wucewa sai da ruwa, yatsu na ciwo da sahe. A Yamai anka maƙala mata wata ƴar takarda a fatar ido minti 5, ba ta jiƙe ba, anka ɗebi jini. Likita ya rubuta Gougerot-Sjögren, ya ce garkuwar jikinta ce ke yaƙar wuraren da ke yin hawaye da yawu, ba ya warkewa, sai lallaɓawa.

Mu huɗu ne wurin Inna, ni ce babba mace. Yayanmu yana Abijan, shi ke aiko kuɗi, amma tun rabon gado ba su jituwa da ƴaƴan kishiyar Inna saboda garkar albasa, su suna son a saida, mu muna son a bari tunda Inna daga can take samun na cefane, har maganar ta kai gaban mai gari. To yanzu Yaya ya haɗu da wani mutum a WhatsApp mai kai marasa lahiya ƙasar waje. Ya ce akwai allurar ƙwayoyin asali, selil sush da Faransanci, wato ƙwayoyin da sauran ƙwayoyin jiki ke samo asali daga gare su, sau ɗaya ake yi hawaye su dawo. Miliyan 4 na sefa ban da jirgi. In za a yi, sai an saida rabonmu na garkar. Akwai wanda ya san wannan magani? Ba ni iya kallonta tana murzar ido haka.

Hajiya Ta Konni:
Allah Ya ba ta lahiya. Zuma mai kyau da habbatus sauda, ta riƙa sha, ta kuma riƙa sa kwalli da dare. Kakata har ta rasu tana saka zare a allura.

Alhaji Ɗan Ader:
Ɗiyata, mi kike jira? Uwa guda ce. Garka ana sayen wata, ido hwa? Ni ina tahiya waje harkar kasuwa, na ga asibitocinsu da idona. Wanga magani shi ne na zamani. Likitocinmu in abu ya hi ƙarhinsu sai su ce ba ya warkewa. Ku saida ku tahi.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Yaya, sannu da jinya. Wane kolir, wato maganin ido, take ɗigawa, sau nawa a wuni? Gwajin jinin ya nuna anti-SSA, wata alamar wannan ciwon da ake dubawa a jini? Ba ki faɗa ba.
Maganar ƙwayoyin asali gaskiya ne ana bincike a kai, amma har yanzu gwaji ne. Yawanci daga kitsen jiki, ɓargo ko igiyar cibiya ake samo su, fatan shi ne su kwantar da kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa. A Kopenhagen ta ƙasar Danmak an gwada a kan masu irin ciwon Inna, mutum 54, sakamakon ya fito a 2024. An yi wa wasu allurar ƙwayoyin a cikin wurin da ke yin hawaye, wasu kuma ruwan da ake ajiye ƙwayoyin kawai aka sa musu. Duka ɓangarorin biyu sun ce sun ji sauƙi, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. To in masu binciken kansu ba su ce yana warkarwa ba, shi mutumin WhatsApp daga ina ya samo «sau ɗaya»?

Alhaji Ɗan Ader:
Yaro, karatu daban, duniya daban. Turai sun amince da maganin ido na ƙwayoyin asali tun 2015, ka bincika. Su ba su san abin da suke yi ba ne?

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Baba Alhaji, gaskiyarku, an amince da Holoclar a 2015. Amma na wanda wuta ko sinadari ya ƙona wa gaban ido ne, daga gefen baƙin idon mutum ake ɗebo ƙwayoyin a raine su a mayar masa. Bai shafi hawaye ba. Ciwon Inna a garkuwar jiki yake, shi ya sa har baki da gaɓoɓi ya taɓa. Kuma akwai haɗari: a 2017 an wallafa labarin wasu mata uku a Filorida ta Amurka da suka biya dala 5000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin kitse a cikin ido don wani ciwon daban, ganinsu ya lalace ƙwarai, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

Maman Rabi (Tawa):
Ƙanena na gode, amma kolir ɗin nan mun gaji da shi. Ka san nawa yake ci a wata? Kuma mutumin ba ɗan damfara ba ne, ya turo bidiyon wata tsohuwa da ta warke, Yaya ya yi magana da shi baki da baki. Mu ba jahilai ba ne da za mu saida gado a kan banza.

Tanti Zali (Yamai):
Ni ma ciwon nan gare ni, tare da ciwon gaɓoɓi. An ce cikin masu shi 10, kusan 9 mata ne, shi ya sa ba a ɗaukarmu da muhimmanci. Dangin mijina cewa suka yi jifa ne, daga baya suka ce lalaci ne don kar in shiga madafa. Uwar mijina har yau in na sa tabarau cikin gida sai ta ce ina yanga. Ba wanda ya taɓa saya mini ko kwalba ɗaya.
Abin da ya taimake ni: hawayen kanti, wato kolir mai jiƙa ido, na ƴan ƙananan robobi da ake buɗewa a jefar, don na babbar kwalba sinadarin da ke hana shi lalacewa yana ƙara mini zafi in na yawaita. Mai kauri da dare. Tabarau mai rufe gefe lokacin hazo. Kar ta kwana fanka na bugun fuskarta, hayaƙin itace kuma ta bar wa yara. Kwalli dai a'a Hajiya, wani akwai dalma ciki, ido busasshe kuma saurin gurjewa gare shi.

Hajiya Ta Konni:
Iyayenmu da kwalli sunka tsufa, ba su makance ba.

Malam Na Keita:
Ku dai kiyayi maganin ido na masu tebur a kasuwa. Matata ta saya saboda jan ido, ta ji daɗinsa ta yi ta ɗigawa, ashe mai kortizon ne, ya hau da awon ruwan ido. Yanzu idon hagu sai a hankali. Na koma wurin mai teburin ya ce bai san ni ba. Ba mai sa ido a kan mutanen nan.

Alhaji Ɗan Ader:
Kun gani? Duk wanda yat tsaya nan labarin wahala shika badawa. Ɗiyata, kar ki bari a tsoratar da ke da labarin Amurka. Kowane aiki akwai ƙaddara, ko haihuwa ana mutuwa.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Yaya, tsakanin kolir na yau da kullum da hawa jirgi akwai matakai da yawa. Akwai ɗigon siklosforin mai rage kumburi, sai an yi watanni kafin a ga aikinsa. Akwai toshe ƴar ƙofar da hawaye ke zurarewa zuwa hanci don ɗan abin da ke akwai ya daɗe a ido. Akwai ɗigon da ake haɗawa daga ruwan jinin mutum kansa, da ƙwayar filokarfin mai motsa yawu. Ku tambayi likitan ido wanne ake samu, ku kuma ga likitan gaɓoɓi, don ciwon na iya taɓa huhu da ƙoda. In ta ga ƙulli a wuya ko kumburi gaban kunne da ya ƙi sauka, kar ku jinkirta. Shi kuma mutumin ku nemi ya rubuto sunan asibitin, sunan likitan, inda za a yi allurar, cikin jijiya ko kusa da ido, da wanda zai duba ta in kun dawo Tawa abu ya ɓaci. Gwajin bincike na gaskiya ba a saba biyan miliyoyi a shige shi ba.

Maman Rabi (Tawa):
Na tambaye shi, ya ce sunan asibitin sai an ba da kafin alƙalami, saboda wasu na karɓar adireshi su tahi da kansu. Ni ban ga laihinsa ba, shi ma nema yake. Likitan gaɓoɓin nan kuma sai Yamai, fiye da kilomita 500, Inna ba ta jure zaman mota. Kowa na cewa a lallaɓa, ku ba ku ne ke jin ta da dare ba.

Tanti Zali (Yamai):
Ƙanwata, wadda ba ta jure motar Yamai, yaya za ta yi da jirgi? Ita Innar an tambaye ta ko ta yarda a saida garkar?

Maman Rabi (Tawa):
Ba mu gaya mata ba tukuna, hawan jini gare ta. Yaya ya riga ya tura jika 300, mutumin ya ce a cika kafin Juma'a ko a ba wani wurin.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Har yanzu ba ki faɗi sunan kolir ɗin ba. Ɗauko hoton kwalin ki turo, da na maganin hawan jinin, don wasu magungunan suna ƙara busar da ido da baki.

Alhaji Ɗan Ader:
Ki kira ni bayan la'asar, ina da mai son garka wajen Galmi.

Abu Fatima:
Salam, don Allah a taimaka mini da lambar mutumin, mahaifina ciwon suga ya taɓa masa ido.