Kano ko Daura? Hutun kwana huɗu ne, a ba ni shawara

Baban Ummi, Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. An ba ni hutun kwana huɗu a wurin aiki, ya kuma zo daidai da hutun yara. Tun bara nake musu alkawarin fita, ƙarshenta kullum sai dai mu je Dadin Kowa mu ci kifi mu dawo. Bana na ce sai mun ƙetare jiha. To ga inda gizo ke saƙar: uwargida ta ce Kano, ita kuwa Ummi, babbar 'yata mai shekara 12, tun da aka koya musu labarin Bayajidda a makaranta ta hana ni sakat, wai sai ta ga rijiyar Kusugu da idonta. Mu shida ne har da Inna, ga shi gwiwa na damunta. Motata zan ja, aljihun kuma ba wani nauyi gare shi ba. Wanda ya san wuraren nan ya taimaka.

Hamma Direba, Tashar Dukku:
Wa alaikumus salam. Malam, ai hanya ta riga ta raba muku gardama. Daga nan in za ka Daura, ta Kano za ka bi. Ka tashi bayan asuba, Dukku, Darazo, ka yanke ta Gwaram ka faɗa Birnin Kudu, sai Wudil, sai Kano. Da yara da tsohuwa ka ƙiyasta awa shida, don sai an tsaya fitsari, an tsaya sallah, an tsaya sayen gyaɗa. Daga Kano zuwa Daura ta Kazaure kamar awa biyu ne. Kada ka ce za ka haɗa duka a yini ɗaya, Inna ba za ta yafe maka ba. Kuma duk abin da za ka yi, kada magariba ta same ka a hanya.

Maman Khairat, Tudun Wada:
Yaya, ni dai gaskiya zan faɗa maka a matsayina na mace. In matarka ta ce Kano, Kantin Kwari take nufi. Ka ce aljihu ba nauyi? To ka yanke mata kuɗin atamfa tun daga gida, a hannu, ka ce iyakarsa ke nan. Ni na shiga da niyyar turmi biyu, na fito da ɗan dako yana bin bayana.

Baban Ummi, Pantami:
Hajiya, kin tona asirin da ban so a tona ba. Tana kusa da ni tana karantawa, ta ce a gaida ki.

Malam Mai Alli, Jekadafari:
Na kai ɗalibai Daura sau biyu, bari in faɗa maka abin da za ka tarar, don kada yarinya ta je da zato ta dawo da sanyin jiki. Rijiyar tana cikin gari, an gina mata ɗaki an killace ta. Za ka shiga, a buɗe, ku leƙa, a jefa guga a ɗebo muku ku sha. In kallo kawai kuka je yi, minti ashirin ya isa. Ɗaya daga cikin yarana ya leƙa ya ɗago ya ce, "Malam, shi ke nan?" Ya zaci zai ga ramin maciji da ƙasusuwa.

Abin da ya gyara mana tafiyar shi ne wani dattijo da ya zauna da mu a gindin bango ya warware labarin daga tushe: jerin magajiyoyin da suka mulki Daura tun daga Kufuru har Daurama, Bayajidda, baƙon da ya sauka da dare gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce masa ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijin nan Sarki, ya karɓi guga ya nufi rijiya. Daga nan ya gangaro kan Bawo da 'ya'yansa, da yadda aka ƙirga Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Yaran da suka fara hamma sai ga su sun yi tsit, har suna gardamar wa zai sake jan gugar. Malaman tarihi na jami'a suna ɗaukar labarin a matsayin tarihin baka, ba abin da za a sa wa shekara ba, kuma yana da kyau ka gaya wa Ummi haka. Amma rijiyar da fadar da garin suna nan, ba tatsuniya ba ne.

Saboda haka shawarata: ƙaramin gari irin Daura yini ɗaya ne, kuma daɗinsa yana bakin wanda zai ba ku labari. Ka nemi mai bayani tun kana shiga, ka tanadi ɗan abin goro. In da za ka iya jira, lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal ne garin ke cika da hawa da kiɗa, sai dai hutunka ba zai jira wata ba. Af, in kun isa Wudil ka nuna mata hanyar Gaya, can ne aka ce maƙera suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijin da ita.

Bakano Mai Shago, Babbar Kasuwa:
Ranka ya daɗe Malam, na yarda da duk abin da ka ce, amma yadda ake maganar nan sai ka ce Kano cunkoso da Kwari kawai gare ta. In tarihi yarinya ke so, ai a Kano za ta ƙoshi. Dutsen Dala yana nan, inda Barbushe ya zauna. Ka hau da yamma ka ga birni a shimfiɗe har Goron Dutse. Gidan Makama yana daura da fadar sarki, ginin zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ciki da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903. Kasuwar Kurmi ma tun zamaninsa take ci.

Amma ni abin da zan ce kada ku rasa shi ne marinar Ƙofar Mata. Ka je da hantsi. Za ka ga mutum zaune a bakin karofi, hannunsa ya rine har gwiwar hannu, yana tsoma zane yana ɗagawa. Zanen yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka. Baba ce da toka da kanwa, ba wani abin kanti. Daga gefe kuma ga masu bugu, su biyu-biyu suna sauke tabare a kan shadda, sautin kamar kiɗa. Ɗana da ba ya zama wuri ɗaya sai da na ja shi da ƙarfi muka tafi.

Adda Nas, Bolari:
Kowa na ta tarihi, an manta da Inna. Mai ciwon gwiwa ba ta hawa Dala, matakalar ba ta wasa ba ce. Kurmi kuma lunguna ne ƙunci, ga masu baro ga 'yan dako, ba wurin da za ta zauna ta huta. Gidan Makama da Ƙofar Mata za ta iya, mota na kaiwa har bakin ƙofa. Daura ta fi mata sauƙi, komai kusa da kusa. Ka nemi masauki mai ɗaki a ƙasa, ka tambayi irin banɗakin kafin ka biya, tsuguno yana wahalar da su. A hanya kuma duk bayan awa biyu a tsaya ta taka ƙafa. Maganinta ya zauna a jakar hannu, ba a but ba.

Baban Ummi, Pantami:
Adda, Allah ya saka da alheri. Maganar banɗakin nan wallahi ba ta zo mini ba ko kaɗan.

Kawu na Bajoga:
Ni tun ɗazu ina karantawa ina girgiza kai. Yaro, za ka ƙona mai har Daura ka nuna wa 'yarka rijiya, ka taɓa kai ta Bormi? Ga ta nan kusa da mu a Funakaye. A nan ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas, shi da ɗimbin jama'arsa. Kabarinsa na nan, na Baturen da ya jagoranci yaƙin, Manjo Marsh, shi ma yana nan ba nisa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Mai Wurno har Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau sunansa yake ɗauke da shi. Ba ƙawa a wurin, fili ne da itatuwa da shiru, amma duk wanda na kai sai jikinsa ya yi sanyi.

Kuma hanyar da Hamma ya zana maka, ta Gombe Abba za ta bi da kai, bayan Dukku, wajen gadar Gongola. Nan Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar nan, nan kabarinsa yake. Turawa ne suka ɗauke hedikwata zuwa Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Doma a 1919, wato Gomben da kuke zaune kuna taƙama da ita. Mutum nawa a zauren nan suka taɓa taka birki a wurin?

Ɗan Barebari, Herwagana:
Kawu, a yi haƙuri, Fulani ai ba ku tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa ko babban birninku sai da ya yi ƙaura sau biyu.

Kawu na Bajoga:
Bawa ba ya sa baki in iyayengijinsa na magana. Ku da kuka baro Ngazargamu kuka koma Kukawa, kuka sake kwasa zuwa Yerwa, wa zai yi wa wani gori?

Ɗan Barebari, Herwagana:
Na janye, Allah ya ba ka nasara. Baban Ummi, nawa ɗaya ne: gurasa bandashe da tsire a cikin birni. In ka dawo ba ka ci ba, ba ka je Kano ba.

Anti 'Yar Bauchi, Federal Lowcost:
Tunda an buɗe wannan babin, bari in sako namu. In za ka dawo, kada ka maimaita hanya. Daga Birnin Kudu ka miƙe ta Ningi, ka tsaya Kafin Madaki kafin ka shiga Bauchi. Akwai soron da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, shi ne maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga bakan gizo, ƙasa da azara kawai, sun riƙe rufi sama da shekara ɗari da hamsin. Ko rana na ƙuna a waje, ciki da sanyinsa. Daga nan ku shiga Bauchi ku ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku ci masa, sai Alkaleri sai gida. Ta fi tsawo kaɗan, amma ba za ku yi nadama ba.

Gargaɗi ɗaya game da ƙananan garuruwa, don ni ya taɓa ci na. Mun taɓa zuwa wani gari mai tarihi, ba zan faɗi suna ba, muka tarar da wurin a kulle, mai makulli ya tafi gona. Awa biyu muna zaune ƙarƙashin dalbejiya, yara na kuka, babu ko mai shayi. Da ya dawo kuma mutumin kirki, har gida ya kai mu aka dama mana fura. Laifinmu ne, ba mu aika ba, ba mu tambaya ba. Ƙaramin gari ba ofis ba ne. Ka fara zuwa ƙofar fada ko gidan hakimi ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, za a haɗa ka da yaro ya raka ka. Kuma ka guji safiyar Juma'a da ranar kasuwa.

Hamma Direba, Tashar Dukku:
Anti ta yi gaskiya. Ƙari a kan Kano: ka ajiye motarka a masauki ka ɗauki shatar Adaidaita Sahu. Baƙon direba a cikin birni wahala kawai zai sha, ga gadoji ga hannu ɗaya, ka kuskure hanya sau ɗaya sai ka tsinci kanka a wata unguwa. Ranar Daura ce kaɗai za ka tada ita, ka cika tanki tun a Kano.

Malam Mai Alli, Jekadafari:
In kuɗin masauki ne damuwa, kwana a Kano ka yi sammakon Daura ka dawo, ya fi ka kwashe kaya sau biyu. Kano na da masauki na kowane aljihu, ga asibiti kusa ko da Inna ta buƙata, Allah ya kiyaye. A Birnin Kudu ma akwai zanen mutanen da a jikin duwatsu, shanu ne aka zana da jan launi, sai dai wannan na masu ƙafa ne, Inna ta jira a mota.

Baban Ummi, Pantami:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Mun zauna da uwargida mun tsara. Alhamis mu tashi, mu tsaya Gombe Abba ko na rabin awa ne don kada Kawu ya tsine mini, mu kwana Kano. Juma'a da hantsi Ƙofar Mata da Gidan Makama, bayan masallaci ita ta shiga Kwari da kuɗinta a ƙirge, ni da yara mu hau Dala, Inna ta huta. Asabar Daura mu dawo. Lahadi mu biyo ta Ningi. Bormi kuma na ɗauki alkawari, wani ƙarshen mako na musamman.

Inna ta ji ana zancen, ta ce ita dai a saka mata jarka a mota, za ta ɗebo wa ƙawayenta ruwan Kusugu.

Kawu na Bajoga:
Alkawarin Bormi na rubuta shi. Ranar ka biyo ta gidana, ni zan shiga gaba.

Maman Khairat, Tudun Wada:
Allah ya kiyaye hanya. Ka ce wa matarka ta turo mini lambarta, akwai leshi guda ɗaya da nake so ta duba mini.