Borrow da lend sun hana ni sakat, a taimaka

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana zan rubuta bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, a nan Damagaram, amma Ingilishi na ba ni wuya. Borrow da lend, say da tell, make da do, duk ma'anarsu ɗaya a kaina. Yaya ake rarrabe su?

Malamar koleji: Wa alaikumus salam ɗana. Ai Faransancinka ya yi maka rabin aikin: lend shi ne prêter, borrow kuma emprunter. Mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow. Hausa ce ke ruɗa mu, tunda "ara mini" da "na ara" duk daga aro suka fito. Ka dubi abokin tafiyarsu: borrow da from yake tafiya, lend da to. In kana son jika guda wurin yayanka, "lend me" za ka ce.

Ɗan kasuwar Dole: Madam, ni fa a Kantin Kwari can Kano "borrow me" nake ji kullum, kuma ana ba da kuɗin.

Malamar koleji: Alhaji, a kasuwa ya wuce. A takardar jarrabawa jan biro zai sha.

Ɗalibar jami'ar André Salifou: Ƙanena, tell ba ya son zama shi kaɗai, sai ka manna masa wanda aka gaya wa: tell me, tell Baba. Say maganar yake ɗauka, in za ka sa mutum sai da to: he said to me. "He said me" babu shi. Sai 'yan tsiraru da suka ƙi doka, irin su tell the truth da tell a lie.

Make da do kam kar ka wahalar da kanka. Faransanci faire ne duka, Hausa ma "yi" ne. Ana cewa make na ƙirƙira ne, do na aiki, to ina ruwan ƙirƙira da make a mistake? Ka ware shafi a kaye, wato littafin rubutunka, kowace kalma ka rubuta ta da abokiyarta: do homework, make tea, do business, make money.

Ɗan Zango: Ku ƙara masa da tarkon mu 'yan lakol: kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'ana daban. Actually ba actuellement ba ne, "a gaskiya" yake nufi. Library ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba. Attend kuma halarta ne, jira wait ne.

Ɗan Birni: Allah Ya saka da alheri. Yaya, hear da listen fa?

Ɗalibar jami'ar André Salifou: Entendre da écouter, ji da saurare. Listen dai kar ka raba shi da to in za ka faɗi abin da ake saurare.