Musayar Waƙa: Wa Marubucin Yake Nufi?

Malam Alƙalami: Sharaɗin musayar nan shi ne ƙwar biyu, amsa-amo kuwa "wa". Batunmu makarantan dā ne, waɗanda sukan buɗe ƙagaggen labari su tarar da wanda suka sani a ciki.

Da sunan Allah zan buɗe zance,
Makarantan dā ne abin tattaunawa.

A Faransa, cikin shekarar 1649,
Marubuciya Scudéry ta ɗauko labari mai nisan tafiyawa,

Wanda sai da ya cika juzu'i goma
Kafin ta kai shi ga kammalawa.

Manyan ƙasarta ta lulluɓe da sunayen
Mutanen daular Farisa mai shuɗewa,

Amma duk wanda ya karanta jarumi Sairus,
Yarima Condé yake hangowa.

Shin ita ce ta dasa shi a takarda,
Ko idon mai karatu ne ke ƙirƙirowa?

Malama Fasihiya:

Malam, na ji, ga tawa amsar:
Sirrin yana ga yadda ake karantawa.

A Ingila ta zamanin marubuci Dickens
Kashi-kashi labari yake fitowa,

Sai an yi wata guda ana dakon na gaba,
Ɗaya na karatu, sauran gida na saurarawa.

Wanda ya kwana talatin yana juya
Halin mutum guda, yana aunawa,

Ba makawa ya nemo masa fuska
Cikin maƙwabtan da yake gaidawa.

Mai Tsokaci:

Malama, a gafarce ni, ban yarda ba,
Kin wanke marubuta ba da hujja mai gamsarwa.

Skimpole na cikin Bleak House, littafin Dickens na 1852,
Mai daɗin baki, mai cin bashi ba biyawa,

Abokan marubuci Leigh Hunt suna ganinsa suka ce Hunt ne,
Ba su bukaci kowa ya yi musu nunawa.

A Jamus ma, da Thomas Mann ya fitar
Da Buddenbrooks a 1901, an sha ruɗewa:

Mutanen Lübeck, garin labarin, jerin sunaye suka tsara,
Wane shi ne wane, suna ta yaɗawa.

Ina laifin mai karatu a nan,
Tunda mai alƙalamin ne ya yi kwaikwayawa?

Malama Fasihiya:

Madalla, ɗan'uwa, ka kawo hujja,
Sai dai rabinta gare ni take komawa.

A 1849 wata maƙwabciyar Dickens,
Jane Seymour Hill, gajeriya ƙwarai a tsayuwa,

Ta ga siffarta a jikin Miss Mowcher
Ta littafin David Copperfield, tun bai kai ga ƙarewa.

Ta aika masa wasiƙar ɓacin rai,
Lauyanta ma ya bi baya da gargaɗawa,

Da yake sauran kashi ba su fito ba,
Sai ya mai da Mowcher mutuniyar yabawa.

Ka ga jinkirin nan da na ambata,
Shi ya ba mai karatu ikon gyarawa.

Mai Tsokaci:

Na sallama miki wannan, Malama,
Amma ba kowa ya samu irin tata sa'ar tsirawa.

Skimpole ya tafi yadda aka zana shi,
Hunt ya rayu ana nuna shi ana raɗawa,

Sai bayan rasuwarsa a 1859
Dickens ya fito fili yana kārewa,

Wai salon maganarsa kaɗai ya ara,
Munanan halayen ba nasa yake nufatawa.