Da an juya zuwa lens mai 100 sai jinin ya ɓace

Ɗalibar Lab: Assalamu alaikum. Masu aikin ɗakin gwaji, don Allah a taimaka. Ana ganin jini tas a lens mai 10 da mai 40 (wato masu ƙara girman abu sau 10 da sau 40), amma da an juya maikiroskop zuwa mai 100 sai hazo kawai. Ina matsalar take?

Mai Gwajin Jini: Wa alaikumus salam. Fara ciro silaid ɗin, wato gilashin da aka shafa jinin a kai, ki duba ko a kife kika ɗora shi, wannan ya fi kama sababbin hannu. Kaurin gilashin wajen milimita 1 ne, shi kuwa lens mai 100 tazarar da yake gani da ita ba ta wuce milimita 0.2 ba. In jinin yana ƙasa, ko kwana za ki yi kina murɗawa ba zai fito ba. Mai 10 kuwa zai nuna shi ko a kife ne, abin da ke ruɗa mutum ke nan. Karkata silaid a haske, fuskar da jini yake ba ta sheƙi.

Baban Khalifa: Haka ne, Malam. Sai kuma mai. Ki saita hoto a mai 10, ki kawar da lens gefe, ki ɗiga man imashan, wato man da ake sawa tsakanin lens da silaid, ɗigo ɗaya a inda haske ya bugi silaid, sannan ki juyo mai farin zobe, wato mai 100, har bakinsa ya nutse a ciki. Man yana karya haske daidai da gilashi, in babu shi hasken watsewa yake a iska. Daga nan ƙaramin abin murɗawa kaɗai za ki taɓa. Babban na mai 4 da mai 10 ne. A mai 100 shi ke fasa silaid, ya karce lens. Kumfa a cikin man ma tana kawo hazo, ki ɗan motsa lens hagu da dama ta fashe.

Maman Ilham: Ƙanwata, leƙa ƙarƙashin farantin da ake ɗora silaid. Kondensa, wato gilashin da ke tattara haske, ta hau sama har kusa da silaid, ƙofar haskenta a buɗe, fitila a ƙara. Masu duba fitsari da bayan gida sukan tsuke ƙofar don ƙwan tsutsa ya fito, su tashi su bar ta haka.

Mai Gyaran Na'ura: Abin da ke ci mini rai shi ne komawa mai 40 bayan an sa mai. Mai shuɗin zobe, wato mai 40 ɗin, ba a yi shi don mai ba, yana shiga ciki ya lalata shi. Man da ya kwana a bakin mai 100 kuma daskarewa yake, washegari ba a ganin komai. A goge da takardar goge lens da zarar an tashi, ban da auduga, ban da bakin riga, musamman da hunturu da ƙura ke zaune a gilashi.

Baban Khalifa: Sinadarin zailin fa, Malam? Akwai masu wanke man da shi.

Mai Gyaran Na'ura: Ban yarda da shi ba, yana cin gam ɗin da ya riƙe gilasan ciki. In tabo ne ya dame ki, juya gilashin da kike kafa ido a kai: ya zagaya, a can yake. Matsa silaid: ya bi shi, a silaid yake. In bai motsa ba, lens ne ko kondensa. Da damina kuma naman gwari ke yin saƙa a ciki, sai a ajiye na'urar a akwati da silika mai tsotse danshi, a busar da silikar in shuɗinta ya koma ruwan hoda.

Maman Ilham: In hoton ya fito amma ƙwayoyin maleriya ba su fito ba, rini ne. Rinin Giemsa kashi 10 cikin 100, minti 10, ruwan haɗi mai ma'aunin tsami (pH) 7.2. Siririn shafen jini ake kafewa da sinadarin metanol, kada ya taɓa mai kauri, don in ya taɓa, jajayen ƙwayoyin jinin ba za su fashe yadda ake so ba. Ki duba aƙalla fili 100, wato wurare 100 a shafen, kafin ki rubuta babu.

Ɗalibar Lab: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira.